Ganuwa ba ta tsare babur

Kawuna dillalin bisashe ne. Ya fi shekara talatin yana kai raguna da shanu kasuwar Maigatari, ya dawo da naira ƙunshe a lalita, ya canza ta a Magarya ko a nan Damagaram, wato Zinder, a kasuwar Dole. A watan Agusta na 2023, ƴan kwanaki bayan ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa an rufe mana iyaka saboda juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar, Najeriya kuma ta yanke wutar da take turo mana, na je gaishe shi a Birni bayan magariba. Na tarar da shi a zaure cikin duhu, rediyo a kan cinya, ana ta zancen ko za a kawo mana yaƙi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, to yanzu sai hutu ke nan, tunda an kulle ƙofa." Ya yi shiru kamar bai ji ba. Can ya ce, "Ɗana, ƙofar mai takarda aka kulle. Mai bindiga yaushe ka taɓa ganin shi a layin duwan?"

Maganar nan tana dawo mini duk sa'ad da na ji manya a Yamai ko a Abuja suna zancen tsaro. A ganina shugabannin wannan yanki, masu kaki da masu babbar riga, har yanzu da tunanin ganuwa suke yaƙi. In abu ya taso, a rufe, a hana, a janye, a yanke hulɗa. Abokin gabar kuwa ya daɗe da daina zuwa ta ƙofa.

Mu Damagarawa ba baƙin ganuwa ba ne. Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta har zuwa 1884, ya kewaye Birni da ita, ya tara bindigogi, har igwa aka ƙera masa a cikin gari. A zamaninsa hikima ce, domin maƙiyi da dawakai yake zuwa, da tambura, tun daga nesa mai tsaron ƙofa zai hango ƙura ya buga kuge. Amma shekara goma sha biyar kacal bayan rasuwarsa, a 1899, Faransawa suka zo ɗaukar fansar Kyaftin Cazemajou da aka kashe a nan shekara guda kafin nan, aka gwabza a Tirmini can yamma da gari, rundunar Sarki Ahmadu Kuran Daga ta watse, ganuwar tana tsaye ba ta yi komi ba. Yaƙin ya sauya kama, ita tana nan yadda aka gina ta. Yau yara ke wasan ɓuya a ɗan guntun da ya rage.

Maƙiyin yanzu mutum biyu ne ko uku a kan babur, da jarkar mai, da wayar hannu. Da rana suna warwatse a daji kamar kowa, da asuba sai su taru ɗari biyu su auka wa sansani, kafin jirgi ya taso sun sake bajewa. A ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe mana sojoji 71 a Inates. Ko wata guda ba a cika ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. Duka biyun bariki ne, wato ganuwar wannan zamani, wuri guda da kowa ya san inda yake, da lokacin da ake sauya masu gadi, da hanyar da motar abinci ke bi. Shi soja an san inda yake kwana. Wanda zai kai masa hari ba a san inda ya yini ba.

Kada wani ya ɗauka ina kukan tafiyar Turawa. Lokacin da aka yi Inates da Shinagodar sojojin Faransa suna Yamai, Amurkawa kuma suna Agadas da jiragensu marasa matuƙi a sansanin da suka kashe wa sama da dala miliyan 100. Idon nan nasu da ake cewa yana ganin allura daga sama bai hango ayarin babura ba, ko kuma ya gani labarin bai iso kan lokaci ba. Da na Faransa suka gama kwashe kayansu a Disamban 2023, na Amurka suka bi baya a 2024, ban ji wani ƙaiƙayi a zuciya ba. Wanda ya ce zancen ƙasa ne, na yarda zancen ƙasa ne. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi: bayan tafiyarsu ma jini bai tsaya ba. Ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin azumi, aka kashe mutum 44 a masallacin Fambita da ke yankin Kokoru. An sauya Bafaranshe da Barashe, an sayo jiragen Turkiyya, amma mutumin ƙauye har yanzu da kunne ɗaya yake barci. Aboki na nesa kamar riga yake, ka tuɓe wannan ka sa waccan. Maƙwabci kuwa katangarku ɗaya, ko kuna gaisawa ko ba kwa yi.

Ga mu nan Damagaram, wane ne maƙwabcin? Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a bas in ba a samu matsala ba. Kano kuwa ba ta kai 250 ba, mutum ya yi sallar asuba a Zongo ya ci abincin rana a Kantin Kwari. Jiharmu tana jingine da Katsina da Jigawa da Yobe, iyakar Nijar da Najeriya gaba ɗayanta kuma ta kai wajen kilomita 1,500, mafi yawanta gonakin gero ne da ba ka sanin ka tsallaka sai wayarka ta sauya layi. Su kansu Turawan da suka ja layin sai da suka sake zama a 1904 suka gyara shi, don Faransa ta gano ba za ta iya isowa Zinder daga kogin Kwara ba sai an matso mata da iyaka kudu ta samu hanya mai rijiyoyi. Tun ran farko ke nan an san garin nan ba ya numfashi in an toshe masa kudu.

Ƙawancen AES da muka ƙulla da Mali da Burkina Faso a Satumban 2023 yana da ma'ana ga mutumin Tera da Ayoru, domin wutar da ke cin su a kan iyakar ƙasashen uku take. Rundunar soja 5,000 da aka sanar a farkon 2025 can za ta yi aiki, Allah ya ba ta nasara. Amma in ƴan bindiga suka kwana a dajin Katsina da niyyar su karya kumallo a ƙasar Matamaye, ba Bamako ce za ta buga mana waya ba. Wanda zai gani shi ne ɗan sandan Daura, ko mai garin wani ƙauye a ƙasar Ɓaɓura, in da akwai wanda zai kira, in kuma an ba shi izinin kiran.

Shi ya sa ficewar da Nijar ta yi daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi a ƙarshen Maris 2025 ta tsaya mini a rai fiye da korar kowane jakada. Rundunar nan mai hedikwata a Injamena tana da aibunta, kowa ya sani: ƙarancin kuɗi, jinkiri, kowace ƙasa tana jan zaninta. Amma ita ce ta ba sojanmu damar bin Boko Haram har cikin gidanta. A ranar 6 ga Fabrairu 2015 suka auka wa Boso da Difa, a watan Maris na wannan shekarar sojojin Nijar da na Cadi suka tsallaka kogin Komadugu suka ƙwato Damasak da Malam Fatori, garuruwan Najeriya, aka samu sauƙi a gefenmu. Dalilin da aka bayar na janyewa shi ne a ƙarfafa tsaron rijiyoyin mai da bututu. Ban raina dalilin ba, don a Yunin 2024 an fasa bututun da ke kai ɗanyen mai Benin a yankin Tesker, cikin jiharmu, ƴan tawayen FPL suka ce su ne. To amma bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, soja nawa za a jera a kansa? Ko an kwashe duk mazan ƙasar an ba su bindiga, mutum ɗaya da dare ɗaya sun isa. Abin da ke tsare irin wannan dukiya shi ne a ji labari tun mutanen suna shawara, kuma rabin labarin nan a hannun maƙwabta yake. Mun rufe taga ɗaya da muke jin motsin waje don mu ƙara wa ƙofa sakata.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a fada muna shan shayi: kai ka manta abin da suka yi mana? Ban manta ba. Na ga yadda buhun shinkafa ya tashi, na ga masu ciwon suga suna yawon neman magani, na ga masu walda da masu injin niƙa sun zauna hannu rabbana saboda wuta. Ƙasar da a lokacin ke ba mu wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarki ta kashe mana fitila rana ɗaya, har ana ƙidaya mana kwanaki bakwai kafin a zo da tankoki. Wannan cin fuska ne, kuma CEDEAO ta yi asarar mutuncinta a idon talakan Nijar tun daga ranar, ko da ta janye takunkumin a Fabrairun 2024. Amma a tuna su wa suka tsaya a tsakani. Sanatocin arewacin Najeriya suka ce ba da su ba. Tawagar farko ta CEDEAO ko shugaban mulkin soja Janar Tiani ba ta gani ba ta koma, sai ga Sarkin Kano na 14, Muhammadu Sanusi, ya shiga fadar shugaban ƙasa ranar 9 ga Agusta tare da Mai Martaba Sarkin Damagaram, bayan su malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau suka biyo. Ƙofar da takardar diflomasiyya ta kasa buɗewa rawani da zumunci suka buɗe ta. Mu da Kanawa mun taɓa gwabzawa a zamanin Sarki Alu, ga shi yau jikokin mayaƙan suna auren juna. Lokacin yaƙin Biyafara ma Shugaba Diori Hamani bayan gwamnatin Najeriya ya bi, alhali Faransa tana ɗaya gefen.

A Disamban 2024 Janar Tiani ya fito a talabijin, da Hausa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. Ni ɗan kallo ne, ba na cikin ɗakin da ake karanta rahoton sirri. Abin da idona ya gani shi ne, yayin da manya ke musayar zargi, mayaƙan Lakurawa suna kai da kawo tsakanin Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato da gefenmu ba mai tambayarsu biza. Kowace gwamnati tana cewa daga wancan gefen suka fito, su kuwa wannan gardamar ce abincinsu. An ga alamun sassauci, babban hafsan Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya zo Yamai a Agustan 2024 ya zauna da takwaransa Janar Musa Salau Barmu, ministan harkokin wajensu ma ya zo a Afrilun 2025. Hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu tana nan tun 1971, ofishinta a Yamai. Kayan aiki akwai. Zuciya ce ba ta sauko ba.

Akwai wata ganuwar da ake ginawa a cikin gida, ita ce ma ta fi ba ni tsoro. Wani ɗan kabu-kabu da ke yawan ɗaukata daga tasha Babarbare ne, daga wani ƙauye a bakin Komadugu. Wata rana muna tsaye ana duba takardu na tambaye shi abin da ya kawo shi Damagaram. Ya ce, "Malam, tattasai muke nomawa, ni ke kai wa babanmu buhuna kasuwa a kan babur. Aka wayi gari an ce babu babur, babu cinikin tattasai, babu kifi, takin zamani ma an hana. Mu tara ne sa'o'in juna a unguwarmu. Ni na yo yamma." Na ce sauran fa? Ya tada babur ya ce, "Wasu suna Difa a bukkar leda. Wasu kuma kada ka tambaya." Ban sake tambaya ba.

Dokar ta-ɓacin da aka kafa a Difa a 2015 tana da hujjarta a takarda: ƴan Boko Haram da babur suke kai hari, suna karɓar haraji a kan kifi da tattasai, ana haɗa nakiya da taki. A watan Mayun wannan shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafkin, dubbai suka fito a ƙafa cikin zafin bazara. An so a yanke wa maƙiyi abinci, sai aka fara yanke na talaka, shi kuwa maƙiyin yana tsaye a gefe da babur sabo da kuɗin aure yana jiran wanda yunwa za ta koro. Daga baya an sassauta wasu daga cikin hane-hanen, an buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya, wanda a ganina yana cikin abubuwa masu hankali da aka yi a yaƙin nan. Amma saurayin da ya riga ya tsallaka ba ya dawowa don an karanta sanarwa a rediyo. Da ɗan gari akan ci gari, da shi kuma akan tsare shi. Mutumin da ka hana wa sana'a jiya, ka tsayar da shi a shinge yau ka karɓe masa jika biyu don katinsa ya tsufa, gobe in ya ga baƙin fuska suna sayen mai jarka goma a ƙauyensu, kai zai zo ya gaya wa? Ni kaina an taɓa sauke ni daga mota a wani shinge na yi awa biyu a rana kan takardar da ke aljihuna tun farko, har na tsufa ban manta fuskar mutumin ba. Ni da nake da albashi ke nan.

Mu dubi Maraɗi, don gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta. Tun wajen 2019 mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina ke kwararowa yankin Gidan Runji da Madarunfa, satar shanu da garkuwa da mutane suka biyo sawunsu. Abin da ya cinye Zamfara kuwa bai fara da tuta ko wa'azi ba. Da gona ya fara, da burtalin da aka nome, da mashayar da aka kewaye, da alƙalin da ya ci kuɗin mai ƙarfi, sannan ƴan sa-kai suka shiga yanka Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne, wanda ya tsira ya shiga daji ya sayi bindiga. Duk lokacin da na ji wani a nan yana cewa a raba wa samarin ƙauye makamai su kare kansu, sai gabana ya faɗi. Mun ɗanɗana irin wannan: a 1991 a Toda, kusa da Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rai sama da 100, galibi mata da yara. Bayan nan ne, a 1993, aka kafa dokar ƙasar noma da kiwo, aka samu kwamitocin filaye da ke shata burtali da sasanta ɓarna. Ba wanda ke yi musu faretin soja, mafi yawansu ko babur na zuwa duba gona ba su da shi. Amma ina da yaƙinin zaman lafiyar da muke ci a tsakanin Tanut da Gure da Magarya, rabon waɗannan mutane da na hakimai da arɗo-arɗo a cikinsa ya fi na kowane jirgin yaƙi. Kuɗin tayar jirgi ɗaya zai riƙe su shekara.

Cikin garin ma ba a rasa busasshiyar ciyawa ba. Ƙidayar 2012 ta nuna jiharmu ta fi kowace yawan jama'a, sama da mutum miliyan 3.5, kuma yawancinsu yara ne da samari. Kowa ya san ƴan pale, gungun samarin daba na Kara-Kara da sauran unguwanni, masu ɗaga ƙarfe da rana, kowa kuma ya tuna ranar 16 ga Janairu 2015 da zanga-zangar zanen ɓatanci ta rikiɗe aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka. Da yawa daga samarin nan ruwa-ruwa ce ta riƙe su, su shigo da fetur daga Najeriya su jera kwalabe a bakin titi. Haram ce a doka, amma ta ciyar da gidaje. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 sai ribar ta ƙafe, har a Maris 2025 muka ga layin mai a garin da matatar SORAZ mai tace ganga 20,000 a rana take bayan gidansa. Sa hannu ɗaya a Abuja ya sauya abin da saurayin Damagaram zai ci da dare. Wanda ke tsara tsaron ƙasa bai sa wannan a lissafi ba, yana ƙidayar tankoki kawai, to lissafinsa da saura. Har yanzu masu tutar jihadi ba su samu gindin zama a nan ba, alhamdu lillahi, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon namu kuwa ina ganin zane-zane a jikinsa.

Ba cewa nake a koma CEDEAO da muka fice daga cikinta gobe ba, wannan gardamar ƴan siyasa ce. Ƙaramin abu nake roƙo. Kwamandan da ke Magarya ya kasance yana da lambar takwaransa na Jigawa, yana kuma da izinin kiransa da tsakar dare ba sai ya jira Yamai ta farka ba. Gwamnanmu da na Katsina da na Jigawa da na Yobe su riƙa zama ko da shugabanni suna fushi da juna. A koma teburin tafkin Cadi ko da da sabon sharaɗi.

Bara aka kore wa wani abokin cinikin kawuna shanu goma sha ɗaya da dare a wani ƙauye wajen Dungas. Kafin hantsi kawu ya sa jikansa ya ɗauki muryarsa a WhatsApp, ya faɗi launin kowace saniya, da tsagar kunne, da wadda ƙahonta ɗaya ya karye, aka tura wa dillalan Maigatari da na Mai'aduwa da na Gumel. Ranar kasuwa wani dillali Bagumale ya ga baƙon yaro yana neman sayar da bijimi a rabin kuɗinsa, ya ja shi da ciniki har aka kira sarkin kasuwa. Takwas suka dawo. Na tambayi kawu me ya hana su kai ƙara tun farko a bi ta hukuma. Ya ƙirga mini da yatsu: daga Dungas a rubuta Zinder, Zinder ta rubuta Yamai, Yamai in ta ga dama ta rubuta Abuja, Abuja ta rubuta Dutse. Ya ce, "Kafin takardar ta iso Maigatari, ɗana, an daɗe da cinye kilishin."